Hoton Da Na Yanke Wa Kai

Shekara ashirin da ɗoriya ina taka keken ɗinki a Lafia, kuma a duk tsawon lokacin nan na fi taƙama da bakina a kan hannuna. Ɗinki kowa ya koya zai iya. Amma mace ta tsaya a gabanki, ki zagaya mata tef a ƙugu, ki ga inci biyu sun ƙaru tun awon salla, ki rubuta ki yi shiru, wannan ba kowace tela ke iyawa ba. Na san wadda ta rame saboda maigida ya daina cin abincinta. Na san wadda ake shirin aurenta tun kafin a kai goro. Na san wadda ta sayar da leshinta ta zo tana cewa a igiya aka ɗauke. Ban taɓa kai zancen wata gidan wata ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta koya mini sana'ar, kuma kafin ta bar ni in taɓa almakashi sai da ta ja mini kunne cewa abin da aka gani wurin awo a shago yake kwana.

Ina da zafi a kan wannan, ba na musu. Idan mata suka taru a bencin shagona suna jiran kaya, wata ta fara "kun ji abin da ya samu wance," sai in ƙara wa keke gudu har muryarta ta ɓace. Idan ta nace in ce mata kasuwa na can ƙasa, nan wurin ɗinki ne. Wasu sun yi fushi sun ɗauke kayansu, ban bi su ba.

Cikin masu kawo mini ɗinki akwai wata malamar firamare, 'yar ƙabilar Alago ce, 'yar Keana, mijinta ɗan Agyaragu ne yana aikin ofis a nan cikin gari. Ita Kirista, ni Musulma, amma tun ranar da ta fara kawo atamfa jininmu ya haɗu. Hajiya take ce mini, ko da yake ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. A Lafia duk Musulma mai ɗan jiki Hajiya ce. Idan ta je gida takan riƙo mini gishirin Keana a ƙulli, ni kuma ranar salla ba na manta kwanonta. A wuyan hannunta na dama akwai dogon tabon ƙuna. Tana ƙarama ruwan gishiri mai tafasa ya zubo mata a wurin da uwarta ke dafa gishiri. Ba ta ɓoye shi, ko awarwaro ba ta sawa a kai.

A garin nan matar aure da sunan ɗanta ake kiranta. Ita kuwa shekara tara da aure dangin mijinta ba su daina ce mata Amarya ba, mu kuma mu ce Malama. Ba wai ba ta taɓa samun ciki ba ne. Sau uku tana samu, sau uku yana zubewa, kuma kowane karo sai bayan an riga an sani, an yi murna, surukarta ta zo daga Agyaragu da doya da saiwoyi, matan cocinsu sun yi addu'ar godiya. Ta taɓa gaya mini cewa ciwon ɓarin yana wucewa a mako biyu, amma fuskokin mutane ba sa wucewa. Masu zuwa sannu, masu sunkuyar da kai idan ta gifta, masu kawo mata sunan wani mai magani a wani ƙauye. Ranar da ta faɗa mini haka ina ɗinka maɓalli ne, sai da na ajiye allurar.

A 'yan shekarun nan sana'armu ta koma cikin waya. Wadda ba ta ɗora hoton aikinta kamar ba ta ɗinki. Na daɗe ina ƙi, ina cewa ɗinki mai kyau shi ke sayar da kansa, har na ga matan da suka koya a hannuna sun fi ni ciniki. Sai na sayi babbar waya. Maƙwabciyata mai sayar da leshi ta nuna mini yadda ake ɗora hoto a sitatas, wurin nan da duk mai lambarki zai gani na kwana ɗaya sannan ya ɓace da kansa. Wannan ɓacewar ta kwantar mini da hankali ƙwarai.

Mu telolin gari kuma muna da dokarmu, ba wanda ya rubuta ta amma kowa na bi. Idan za ki ɗauki mace sanye da ɗinkinki, daga wuya zuwa ƙasa za ki ɗauka, kai ba ya shiga. Idan matar aure ce mijinta ba zai so ba, idan budurwa ce kada a ce tana tallan kanta. Da zarar an yanke kai, a wurinmu magana ta ƙare: riga ce kawai a tsaye, ba ta kowa ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Shekara biyu ina yi, ita kanta Malama na ɗauke ta a haka sau da yawa, ba wadda ta taɓa kawo ƙorafi.

Wata Laraba bayan an tashi makaranta ta shigo da atamfa a leda. Ta zauna tana hira sama-sama har mata biyun da ke benci suka tafi, sannan ta tashi ta ja labulen ƙofa da kanta.

"Hajiya, duk riga na ya matse ni," ta ce.

Na ɗauko tef. Ban gama zagaye ƙugun ba na gane. Na ɗaga kai na dube ta, ta dube ni. Idonta ya kawo ruwa amma murmushi take yi.

"Wata nawa?" na tambaya a hankali.

"Ya shiga biyar. Ba wanda ya sani, sai ni da oga da dokta. Ko Mama a Agyaragu ba mu gaya mata ba. Wannan karo ba na son kowa ya yi murna, ba na son kowa ya yi mini sori. Abeg, ki yi mini riga wanda zan sa in je makaranta, in je coci, kar mutum ya gane."

"Ki kwantar da hankalinki, Malama. Kin san ni."

"Na san ki, shi ya sa na zo."

Kwana huɗu na yi a kan rigar nan, na ture aikin wasu gefe har wata ta zo ta yi mini tsiya. Na yanka ta yadda za ta sauko a buɗe daga ƙirji. Tattarar na kai ta gefe biyu maimakon gaba, don ido ya bi gefen ya bar tsakiya. Na ninke inci huɗu ta ciki da za a riƙa warwarewa idan cikin ya ƙaru. Zanen atamfar manyan ganye ne, na jera su a tsaye su ƙara mata tsawo. Ina faɗa ba don yabon kai ba, ban taɓa yin ɗinkin da ya kai wannan ba, kuma har yau ban sake ba.

Ranar gwaji ta tsaya gaban madubi, ta juya hagu, ta juya dama, ta yi dariyar da na daɗe ban ji a bakinta ba. Ni da na auna ta ma, da a hanya muka gamu ba zan zargi komai ba. Na ɗauko waya yadda na saba.

"Ban da fuska fa," ta ce.

"Yaushe kika taɓa ganin fuska a wayata?"

Ta dafa ƙugu da hannun dama, na ɗauka daga wuya zuwa ƙasa. Ta ninke rigar a leda, muka yi sallama.

Bayan la'asar ina zaune ina kallon hoton, sai na ga doguwar riga ce kawai kamar ta kowa. Wanda ya kalla ba zai san aikin da ke cikinta ba, tunda duk gwanintar ita ce kada a ga komai. Abin ya tsaya mini a rai. Kwana huɗu ina fama, a ce ba wanda zai san na yi abin yabo? Son a yaba mini ne ya ci ni, ba wani abu ba. Na rubuta a ƙasan hoton: "Sabon ɗinki na masu juna biyu. Wannan wata biyar ne, wa ya gane?" Na ɗora. Ko ɗar ban ji ba. A lissafina ban buɗe baki ba, ban faɗi sunan kowa ba, kai kuma na yanke. Na rufe shago na tafi gida ina jin daɗin kaina.

Yabo kuwa ya shigo. Mata suka yi ta cewa a yi musu irinta. Washegari da hantsi sai ga saƙon murya daga ƙanwar mijin Malama, wadda ita ma nake yi wa ɗinki. Muryarta cike take da farin ciki.

"Hajiya, ashe haka ne! Wannan hannun Amarya ne, ko a duhu na san wannan tabo. Atamfa ɗin ma Mama ne ya saya mata a Kirsimeti. Na tura a gurup na gidanmu, kowa yana ta gode wa Allah."

Na buɗe hoton na duba. Ga hannun a ƙugu, ga tabon ɓaro-ɓaro. Ni da na ɗauka ban gan shi ba, don rigata kawai nake kallo. Na goge nan take. Na kira ƙanwar mijin na roƙe ta ta goge nata. Ta ce ai sikirinshot ta yi, wato ta ɗauki hoton hoton da rubutun duka, kuma ya riga ya shiga wayar dangi na Lafia da na Agyaragu da waɗanda ke wasu garuruwa, daga nan wata ta tura wa matan coci. Ta kasa gane abin da ya tayar mini da hankali. A wurinta albishir ta kai, kuma gaskiyarta, ba mugunta ta nufa ba. An ce magana zarar bunu ce. To wannan kafin azahar jinkar duka ta tashi.

Na kira Malama sau huɗu ba ta ɗauka ba. Na rufe shago na hau mashin zuwa gidanta. Na tarar surukarta ta riga ni, ta taso daga Agyaragu da motar safe. Tsohuwa ce mai kirki, ban taɓa jin Malama ta faɗi muninta ba. Tana zaune a tsakar gida, ga doya, ga kaza a ɗaure, ga ƙullin saiwoyi, tana kuka tana magana da yarensu a gauraye da Hausa.

"Ni ne uwa, amma waya ya ji kafin ni," take ce wa ɗanta. "Tela ya sani, coci ya sani, ni ban sani ba. Me na yi muku?"

Yana tsaye yana ba ta haƙuri. Maƙwabta biyu sun leƙo ta katanga suna barka. Mijin ya gan ni, ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya nuna mini ɗaki da hannu.

Malama na zaune a bakin gado sanye da rigar. Tun a kan mashin na shirya abin da zan faɗa, cewa haka kowa ke yi, cewa ban sa suna ba. Da na gan ta sai na ji kunyar faɗa, amma bakin da ya saba kare kansa sai da ya fito da rabi.

"Malama, wallahi ban sa fuskarki ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi mini ihu da ya fi mini sauƙi.

"Hajiya, a garin nan waye yana bukatar fuska? Ko bayana aka ɗauka za su san ni. Na ce ki ɗauki riga, ban ce ki rubuta cikina ba."

Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, da sauri, irin yafewar da ake yi don baƙo ya tashi ya tafi. Na kai bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Wata biyar ina barci lafiya. Yanzu kowa zai taya ni ƙirga kwana."

Haka kuwa aka yi. Ban tambaya ba, amma ƙanwar mijin kan kawo mini labari idan ta zo karɓar kaya. Surukar ta tare a gidan, ta hana ta hawa mashin, kullum da abin da za a jiƙa mata. A coci mata na tare ta suna shafa cikin suna addu'a, wata har ta tuna mata cewa na baya ma a wata na shida ya tafi. Malama ta daina zuwa wuraren taro, daga makaranta sai gida. Inci huɗun nan da na ninke a cikin rigar, ba ta kawo an warware ba.

Ni kuwa na shiga wani hali. Na san hoto ba ya zubar da ciki. Ni ce mai yi wa mata dariya idan suka kawo zancen kambun baka, in ce musu camfi ne. Amma a watannin nan duk sallar da na yi sai na sa ta a addu'a, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Idan abin ya sake faruwa, ko ba wanda ya ɗora mini, ni zan ɗora wa kaina. Idan na hango ƙanwar mijin ta nufo shago, sai na duba fuskarta kafin in amsa sallama.

Wata ranar Juma'a da ba ciniki na zauna na buɗe wayata, na bi hotunan shekara biyu ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon ban kalli ɗinki ba, na kalle su yadda mutumin Lafia zai kalla. Wannan zoben matar mai kantin magani ne. Wannan lallen, mace ɗaya ce ke yin irinsa a unguwarmu, kuma kowa ya san amaryar da aka yi wa a makon. Wannan ta bayanta ana hango motar mijinta ta ƙofar shago har da lamba. Wata kuwa tsayuwarta kaɗai ta isa, don tana dogara nauyinta a ƙafa ɗaya tun da ta yi haɗari. Ban samu hoto ko ɗaya da na kasa kiran sunan mai shi ba. Na kuma duba su wa ke ganin abin da nake ɗorawa, sai ga mai gyaran keke, ga direban da ya taɓa kawo mini kaya, ga lambobin da ban ma tuna masu su ba. Shekara biyu ina tsayar da matan mutane a gaban duk waɗannan ina cewa ba kowa ba ne.

Na goge su duka. Na sayo gunkin roba irin na masu kantin kaya, yanzu shi nake sa wa riga in ɗauka, shi ma sai na tambayi mai atamfar, don atamfa ma tana da suna a garin nan. Maƙwabciyata mai leshi ta yi mini dariya, ta ce riga a jikin roba ba ta jan ciniki. Gaskiyarta ne, cinikin ya ragu, na kuma haƙura da hakan.

Labarin haihuwar a bakin mai sayar da zare na ji shi a kasuwa, kwana tara bayan an yi. Mace ce, uwa da 'ya lafiya lau. Ba hoto ko ɗaya a wayar kowa. An ce mijin ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce duk mai shiga barka ya bar waya a waje, har da ƙanwarsa. A nan gaban tulin zare na yi kuka, mai zaren ya ɗauka wani abin baƙin ciki ya faɗa mini. Na ɗinka 'yan riguna uku da hula na aika ta hannun ƙanwar mijin, don ban da ƙarfin zuciyar zuwa da kaina. Aka dawo aka ce an gode.

Bayan kamar wata uku, wata Lahadi da aka taso coci, ina shago labule ya ɗaga. Ita ce, da jaririya a kafaɗa. Muka gaisa, ta zauna a benci, ta miƙo mini yarinyar.

"Na kawo ta ki gani da ido," ta ce.

Wayata na kan teburin keke. Ni da kaina na ɗauke ta na sa a aljihun tebur na rufe. Yarinyar tana da sumar kai mai yawa da dogayen yatsu, ta kama mini gyale ta ƙi saki. Muka yi hirar makaranta, da ruwan da ya ƙi ɗaukewa, da tsadar doya. Sau biyu Malama ta yi dariya. A raina na ce alhamdulillahi, komai ya wuce.

Sai da ta miƙe za ta goya yarinyar na kalli rigar jikinta da kyau. Sabuwar atamfa ce, wadda ta sa don godiyar haihuwa a coci, kuma ba ɗinkina ba ne. Kafaɗar hagu ta sauka da rabin inci, zif ya murɗe, furen baya kansa a ƙasa. Minti goma ya ishe ni in gyara. Na buɗe baki zan ce ta bar mini ita, ta ga inda idona yake, ta ja zanen goyo ta rufe kafaɗar.

"Hajiya, sai wani lokaci," ta ce.

Muna gaisawa har yau, kuma ba gaba tsakaninmu. Yarinyar ta yi wayo, idan sun biyo ta layinmu takan shigo da gudu ta kwashi ƙyallaye a ƙasa ta ce za ta yi wa 'yar tsanarta riga. Bara Malama ta sake samun ciki. Tun yana wata huɗu na gane, daga yadda take ɗaga ƙafa idan za ta tsallake kwatar ƙofar shagona, kuma ta san na gane. Kusan kullum sai ta wuce ta ce, "Hajiya, sannu da aiki," in ce, "Yauwa Malama, ya yara a makaranta?" Wata biyar muna haka. Ba ta faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba.